Tambaya da Amsa: Mayar da Hoton Fure Mai Launi Zuwa Baƙi da Fari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da bugenbiliya a jikin katangar gidanmu, kuma duk lokacin da ta yi fure jawur nakan ɗauki hotonta da waya. Ina sha'awar hotunan baƙi da fari irin na zamanin iyayenmu, amma da zarar na danna wurin da ke cire launi, sai furen da ganyen su haɗe su zama toka-toka iri ɗaya, har ba a gane inda wannan ya tsaya da inda wancan ya fara. Laifin wayar ne, ko akwai abin da ban iya ba?
Daga wata malamar makaranta, unguwar Yantala, Yamai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Wayarki lafiyarta ƙalau, kuma wannan matsala ita ce ta farko da ke tarbar duk wanda ya fara wannan aiki da jan fure. Idon mutum yana rarrabe abubuwa ta hanya biyu a lokaci guda, ta launi da kuma ta yawan haske, amma hoton baƙi da fari hanya ta biyun kaɗai ya sani. Jan bugenbiliya da tsanwan ganyenta sun yi nisa da juna ta wajen launi, sai dai hasken da suke mayarwa ido kusan ɗaya ne, saboda haka idan aka janye launin babu sauran abin da zai raba su.

Lissafin abin ba shi da wuya. Kowane ɗigo a cikin hoton waya lambobi uku ne ke riƙe da shi, ta ja da ta tsanwa da ta shuɗi, kowace tana tafiya daga 0 zuwa 255. Idan aka ce wa na'ura ta mayar da hoton baƙi da fari, dole ta haɗa lambobin nan uku su zama ɗaya, kuma ƙa'idar da aka gada tun zamanin talabijin ita ce a ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 daga ja, kashi 59 daga tsanwa, kashi 11 daga shuɗi, domin ido ya fi jin hasken tsanwa. A ɗauka wani ɗigo a jikin furenki yana da ja 210, tsanwa 40, shuɗi 110, shi kuma ɗigon ganyen da ke kusa da shi yana da ja 70, tsanwa 120, shuɗi 50. Bayan lissafi furen zai tsaya a 99, ganyen a 97, tazarar da babu idon da zai gan ta. Amma da a ce lambar ja kaɗai aka ɗauka, furen zai zama 210, ganyen 70, wato fure mai haske a kan ganye mai duhu. Da kuma ta tsanwa kaɗai aka ɗauka, al'amarin zai juye, furen ya zama 40, ganyen 120. Kin ga ke nan hoto ɗaya yana ɗauke da hotunan baƙi da fari masu yawa, kuma maɓallin da kike dannawa ɗaya kawai yake zaɓar miki daga cikinsu ba tare da ya san abin da kike son a gani ba.

Masu hoton zamanin fim sun san wannan matsala sarai. Farantan hoto na farko ma, wato abin da ake ɗaukar hoto a kansa kafin fim ya yaɗu, ba su ganin ja sosai, jan fure baƙi ƙirin yake fitowa a cikinsu, sai a 1906 ne kamfanin Wratten & Wainwright na Ingila ya fara sayar da faranti mai jin dukkan launuka. Daga nan dabarar ta koma ɗaura gilashi mai launi a bakin kyamara, bisa ƙa'idar cewa gilashin yana haskaka abin da ke da launinsa, ya duhunta abin da ke kishiyantarsa. Jan gilashi yana haskaka jan fure ya duhunta ganye, amma yana cin haske ƙwarai, har sai an ninka hasken da ke shiga kyamara kamar sau takwas. A zamanin su Seydou Keïta na Bamako, ko Philippe Koudjina da ya ɗauki hotunan matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970, mai hoto kafin ya danna yake yanke shawara, kuma abin da ya shiga fim ya shiga ke nan. Ke kuwa kina da damar gwada kowane gilashi bayan an riga an ɗauki hoton, muddin kin ajiye asalinsa mai launi.

A waya, hanya mafi sauƙi ita ce manhajar Snapseed ta kamfanin Google, wadda kyauta ce. Ki buɗe hoton, ki shiga sashen baƙi da fari, wanda idan wayarki da Faransanci take za ki ga an rubuta Noir et blanc, sannan ki nemi alamar tacen launi, inda za ki tarar da ja, ruwan lemo, rawaya, tsanwa da shuɗi. Ki danna su ɗaya bayan ɗaya kina duban furen. Manhajar Lightroom ta fi wannan zurfi, domin tana ba ki ma'auni takwas, kowane launi da nasa, ki ja shi dama ya yi haske ko hagu ya yi duhu. A kwamfuta, Photoshop yana da irin wannan sashe mai ma'auni shida tun 2007, GIMP kuma, wanda shi ma kyauta ne, yana da wurin da ake rubuta kason ja da tsanwa da shuɗi da hannu, inda ya kamata jimillar ta tsaya kusa da 100 cikin 100 domin kada hoton gaba ɗaya ya yi fari ko duhu. Abin da ban ba ki shawara ba shi ne sauke ma'aunin ƙarfin launi har ƙarshe a Photoshop a ce an gama, domin lissafin wannan ma'aunin yana ba rawaya tsantsa da shuɗi tsantsa toka iri ɗaya, alhali kowa ya san rawaya ta fi shuɗi haske nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwa biyu da ke ba mai farawa mamaki. Jan bugenbiliya yawanci yana da sirkin shunayya, saboda haka ma'aunin ja shi kaɗai ba zai ɗaga shi duka ba, sai kin haɗa da ma'aunin ja mai ruwan hoda da ke ƙarshen jerin. Ganye kuma, ko da yake ido yana ganin sa tsanwa, akwai rawaya mai yawa a cikinsa, musamman idan rana ta haska shi, don haka sau da yawa ma'aunin rawaya ne ke duhunta shi fiye da na tsanwa.

A ganina, bugenbiliya ba ta son a haskaka ta har ta zama fari fat. Idan kika matsa kusa za ki ga abin da muke kira furenta ganye ne mai launi, siriri kamar takarda, da jijiyoyi a jikinsa, ainihin furen kuwa ƙarami ne mai ruwan madara a tsakiya, yawanci uku a wuri ɗaya. Jijiyoyin nan su ne dukiyar hoton idan launi ya tafi. Ki ɗaga jan zuwa toka mai haske, ki tsaya tun jijiyoyin suna bayyane kuma ƙananan furannin tsakiya sun fi abin da ke kewaye da su haske, sannan ki sauke ganyen har ya yi duhu amma a riƙa ganin siffarsa. Idan kika ja ma'auni har ƙarshe, za ki ga wani farin zare ya bi gefen furen, ko dabbare-dabbare sun fito a jikinsa, domin hoton JPEG, wato tsarin da waya ta saba ajiye hoto a ciki, matakai 256 kawai yake da su a kowane launi, kuma an riga an matse shi. Wannan lahani ya fi muni a hoton da ya bi ta WhatsApp, saboda haka kullum ki yi aiki a kan wanda kyamarar wayarki ta ajiye da kanta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni matsalata da fararen furanni ce. Nakan je gonakin da ake barin albasa ta yi fure domin iri, in ɗauki hoton kawunan nan farare, haka ma furen kuɓewa, amma idan na mayar da su baƙi da fari sai su zama farin dunƙule kawai, babu komai a ciki. Wane ma'auni zan taɓa?
Daga wani ɗalibi, Tawa.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Taka matsalar tun a gona ta faru, kuma babu ma'aunin da zai gyara ta duka. Kyamara tana auna hasken abin da ke gabanta ne ta nemi matsakaici, saboda haka idan farin fure yana kan ganye mai duhu, sai ta ƙara haske domin ganyen ya fito, furen kuma ya ƙone. Ɗigon da ya kai 255 a lambobinsa uku babu wani bayani da ya rage a cikinsa, ko an duhunta shi daga baya toka ce shafaffiya za ta fito. Maganin shi ne ka taɓa furen a fuskar wayar kafin ka ɗauka, sannan ka ja alamar rana ƙasa har sai ka fara ganin ƙananan furannin ɗaya-ɗaya. Hoton zai yi kamar ya yi duhu, amma duhu ana iya ɗaga shi, ƙuna kuwa ba ta gyaruwa.

Lokaci ma yana da nasa rabo. Ranar tsaka a Tawa daga sama take dukan fure, ta shafe duk wani tudu da kwari a jikinsa, alhali hasken hantsi ko na la'asar sakaliya daga gefe yake zuwa, ya ba kowane ƙaramin fure inuwarsa. Kan albasa tarin ƙananan furanni ne da sukan kai ɗaruruwa, kuma inuwar da ke tsakaninsu ce ke nuna cewa ƙwallo ne mai zurfi. Ranar da hazon hunturu ya rufe rana ma tana da amfani, domin haskenta mai laushi ne, sai dai ka goge gilashin kyamara, ka kuma hure ƙurar da ke kan furen, tun da a baƙi da fari kowane ɗigon ƙura fitowa yake. Ka sa wani ya riƙe maka baƙin ƙyalle marar sheƙi kamar kamu biyu a bayan furen. Turkuɗi bai dace ba duk da duhunsa, saboda ƙyallinsa yana mayar da haske. Furen kuɓewa kuwa da safe za ka same shi, domin na yini ɗaya ne, kafin yamma ya yanƙwane.

Bayan haka ne ma'auni ke da amfani. Kowane falle na furen albasa yana da siririn layi tsanwa a tsakiyarsa, kuma tacen ja yana duhunta wannan layi, sai zanen furen ya fito. Furen kuɓewa rawaya ne mai haske da jan duhu a maƙogwaronsa, don haka idan ka sauke rawaya kaɗan, ko ka gwada tacen shuɗi, jijiyoyin fallayen za su bayyana. Sai dai ka yi hattara da shuɗi. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda yawancin kyamarori ke bi har yau, rabin ɗigogin da ke karɓar haske na tsanwa ne, ja da shuɗi kuma rubu'i-rubu'i, kuma bayanin shuɗi shi ya fi yawan yashi-yashi, musamman a wuraren inuwa.

TAMBAYA: Malam, shin ba zai fi sauƙi in sa kyamara a baƙi da fari tun farko ba? Sannan na kai wani hoton furen bado shagon hoto aka wanke mini, sai ya fito da ɗan sirkin tsanwa, ya kuma fi yadda yake a waya duhu.
Daga wata mai karatu, Yamai.

AMSA: Hajiya, zai fi sauƙi, amma wayoyi da yawa suna zubar da launin ne gaba ɗaya idan aka yi haka, kin ga duk zaɓin da aka bayyana a sama ya kuɓuce miki. Idan kyamararki tana ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin hoton kamar yadda kyamara ta karɓe shi, to babu laifi, domin za ki riƙa ganin baƙi da fari a fuskarta alhali launin yana nan a ajiye, kuma da matakai 4096 ko 16384 maimakon 256.

Sirkin tsanwan kuwa daga injin wanki yake. Yawancin shaguna a kan takardar hoto mai launi suke fitar da komai, inda ake samun toka ta hanyar haɗa rini uku, kuma idan ɗaya ya ɗan rinjayi sauran sai hoton ya karkata zuwa tsanwa ko ruwan hoda. A hoto mai launi ba a lura da wannan, amma a farin fallen bado nan take ido ke kama shi. Ki tambayi mai shagon ko yana da injin da ke da tawadar toka ta musamman. Idan babu, ki sa wa hoton ɗan ruwan ƙasa kaɗan da gangan kafin ki kai, domin sirkin da kika zaɓa yakan rufe wanda injin zai kawo. Duhun kuma dalilinsa shi ne fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya faɗo mata, saboda haka ki ɗan ɗaga hasken wuraren inuwa a kwafin da za a wanke. Ki kai hoton ta kebul ko memori, ko ki tura shi a matsayin fayil (document) idan ta WhatsApp ne, domin girman santimita 20 da 30 yana bukatar ɗigo kusan 2400 da 3600 kafin ya fito tas. Ki fara da ƙarami mai santimita 10 da 15, ki fita da shi waje ki duba a inuwa da hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba, sannan ki ba da izinin a wanke babban.