Amsar Gwaggo kan bidiyon “mace ta gari”

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Saƙonki ya iso tun daren Laraba, kuma bidiyon TikTok ɗin da yaron da ke neman aurenki ya turo miki na kalle shi sau uku. Matashi ya hakimce a kujera yana lissafo halayen mace ta gari: ba ta musu da miji, ba ta riƙe kuɗin kanta, ba ta kai ƙara gidansu ko me aka yi mata. Kika ce wai da gaske haka al'adarmu ta ce? Kuma me ya sa mace a fim ba ta wuce ɗayan biyu, mai kuka a bakin gado ko mai sintirin gidan boka?

Ban amsa da wuri ba ne don raina ya ɓaci, na bari ya huce.

Gaskiya ne an rene mu da kunya da kara. Mun durƙusa mun gaida manya, ba mu kama sunan miji ba, ba mu kama sunan ɗan fari ba, kuma ranar kai amarya an yi mana huɗubar “yi, na yi, bari, na bari”. Ban raina ko ɗaya ba. Amma yaron nan rabin zance ya ɗauko, ya bar rabin da ke kan wuyan maza.

Ki tambaye shi ko ya san biko. A gidanmu na Tudun Wada na ga yaji da idona ina 'yar shekara goma. Yayar babanki ta dawo da goyo, idonta a kumbure. Kakanki bai ce mata koma ki yi haƙuri ba, cewa ya yi a share mata ɗaki. Kwana tara tana gida. Sannan mijin ya zo da ƙanin mahaifinsa, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya tsuguna kansa a ƙasa. Ina laɓe bayan asabari ina jin Malam yana tambayarsa a hankali: “Da muka ba ka ita, jaka muka ce mun ba ka?” Sai da ya yi alkawari gaban shaidu, ya kawo turmin atamfa, kafin ta koma. Haka al'ada ta tanada, mace tana da gidan uba da ke bin kadinta.

Zancen kuɗi kuwa, kakarki tana cikin kulle amma ba ta taɓa zama hannu rabbana ba. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tana zubin adashi, ribar tana cikin wata kwalla a ƙarƙashin gadon ƙarfe. Da ita ta sayi awaki, da ita ta yi mana kayan ɗaki mu huɗu. In Malam ya shiga matsi, rance yake karɓa a wurinta, kuma ya biya. Musulunci ya ba mace sadakinta da gadonta da dukiyarta, miji ba shi da iko da ko kwabo sai da yardarta, ci da sha da sutura kuma a kansa suke.

Ba yau matanmu suka fara magana a fili ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'yan taru. Hajiya Gambo Sawaba, a nan Zariya, ta sha ɗauri da duka a zamanin jam'iyyar NEPU kan 'yancin mata da talakawa. Sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, kuma ina cikin layin nan da sabon mayafina.

To me ya sa fim ya manta da duk wannan? Tun da aka fara finafinan bidiyo a Kano a 1990, 'yan kasuwar suka gane kishi yana da ciniki. Suka aro soyayyar mutum uku da rawa da waƙa daga Indiya, suka haɗa da uwargida da amarya da muguwar uwar miji. Kishi akwai shi, na zauna da kishiya shekara ashirin da biyu, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta uku lokacin Inna ba lafiya, ta dama mini kunun kanwa kwana arba'in. Irin wannan ba ya tara masu kallo. Yanzu da aka koma YouTube da waya abin ya ƙara lalacewa, don yawan kallo ne ke kawo kuɗi, kuma ba abin da ke tara jama'a kamar a zagi bazawara ko a yi wa mace dariya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda hukunci ke sauka. A 2016 MOPPAN, ƙungiyar masu shirya finafinai, ta kori jarumar fim Rahama Sadau, 'yar Kaduna, kan bidiyon waƙar da ta fito da wani mawaƙi. Ban ce ta yi daidai ba, ni ma ban so abin ba. Amma mutum biyu ne a hoton, sunan ɗaya ne ya cika gari. Har gobe in kika leƙa Facebook, namiji ya yi kuskure a ce Allah ya shirye shi, mace ta yi a zagi uwarta da ubanta.

Game da yaron, kada ki yanke masa hukunci da bidiyo ɗaya, wataƙila shi ma a waya ya koyi aure. Ki tambaye shi cikin ladabi me yake nufi da turo miki, ki saurara da kyau. Ki tambaye shi aikinki na asibiti fa, zai bar ki ki ci gaba? Abin da ya faɗa ki sanar da babanki tun kafin a kawo lefe, a yi maganar gaban manya.

Ranar Asabar in kin taso daga Kawo ki biyo ta nan da shi, ina son in ji bakinsa da kaina. Kwallar kakarki tana wurina, zan fito da ita ya gani. Ki gaida mamanki da jiki.