Tambaya da Amsa: Kayan Yaƙin da Kakanni Suka Bari

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji wani takobi da dattawan gidanmu suka ce da shi kakan mahaifinmu ya fita ranar da Turawa suka ci Haɗejiya. Tsatsa ta kama shi. Wani ya ce in kai wa mai walda ya goge shi da injin gurza. Ya kuka gani? (Mai karatu daga Auyo)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka kai. Injin gurza zai cinye saman ƙarfen, ya tafi da tambarin maƙeri, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa. Haka ma yashi da toka, ruwan batir, lemon tsami ko tsamiya. Za su sa takobi ya yi fari yau, amma tsamin yana maƙalewa cikin ramukan ƙarfe, ba da jimawa ba tsatsar ta dawo fiye da da.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai baƙi-baƙi mai santsi wadda ta zauna tun tuni. Wannan ka bar ta, ba ta ci, kuma ita ce shaidar shekaru. Akwai ja mai gari da ke shafar yatsa, ita ce mai cin ƙarfe. Shafa wa ruwan takobin man keken ɗinki, ka bar shi kwana biyu, sannan ka goge da tsumman auduga. Inda tsatsa ta yi ɓawo, kankare ta da tsinken itace ko guntun tagulla, domin sun fi ƙarfen laushi, ba za su karce shi ba. In ka samu soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, bi da shi a hankali tare da mai, daga gindi zuwa tsini. Kada man ya taɓa fatar mariƙi. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo su kama ƙura, baƙin mai kuwa datti ne zalla.

In ka gama, kada ka ajiye shi cikin kubensa. Fata tana shan laimar damina ta riƙe a jikin ƙarfe, sinadarin bagaruwar da aka jeme ta da ita kuma yana ƙara cin sa. Rataye su dabam-dabam a bangon da ba ya yoyo, ka duba su farkon damina da cikin Agusta.

Duba kusa da mariƙi, wataƙila ka ga tambarin jinjirin wata guda biyu ko siffar dabba. Takubba da yawa na ƙasar Hausa, ruwansu ya ƙetaro Sahara ne daga Turai, musamman garin Solingen na Jamus, a nan aka yi musu mariƙi da kube da hamila. Amma maƙeranmu ma sun riƙa kwaikwayon tambarin, don haka shi kaɗai bai isa hujja ba. Yaƙin Haɗejiya kuwa an yi shi a watan Afrilu 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, shekara uku bayan Turawa sun shiga Kano a Fabrairun 1903. Ƙarfe ba zai faɗa maka ya halarci wannan rana ba. Zauna da dattawan tun suna raye, ka naɗi muryarsu a waya, ka rubuta sunan mai takobin, muƙaminsa, da wanda yake bi.

Tambaya: Kakana tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama. Ya bar lambobi uku, biyu masu siffar tauraro, ɗaya kamar sule babba. Ban ga sunansa a jikin ko ɗaya ba. Ko na jabu ne? (Wata baiwar Allah daga Gwarzo)

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Lambobin da Ingila ta raba wa yawancin sojojinta na Yaƙin Duniya na Biyu ba a buga musu suna ba, saɓanin na yaƙin 1914 zuwa 1918, waɗanda ke ɗauke da lambar soja, muƙaminsa, sunansa da rundunarsa. Bisa bayaninki, ɗaya tauraron na shekarun 1939 zuwa 1945 ne, ɗaya kuma tauraron Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu. Kowanne tsini shida gare shi, da kambi a tsakiya. Ƙyallen na Bama ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da zanen ruwan lemo. Mai kama da sule, in akwai kan Sarki Joji na Shida a gaba, a baya kuma zaki tsaye a kan dodo, lambar gama yaƙi ce. Sojojinmu sun je can ne cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, rundunonin biyu kuma suka haɗu wajen ƙwace Myohaung a Janairun 1945.

Tunda babu suna, takardar sallamarsa ce ke haɗa lambobin da shi. Ki neme ta a adakarsa, tare da duk wani hoto. Kada a kai ta a manne ta cikin leda da injin zafi, kada kuma a liƙa mata salatif. Ki ɗauki hotonta, ki sa ta cikin ambulan a miƙe. Lambobin ba sa bukatar man goge ƙarfe, busasshen tsumma ya isa. Tsohon ƙyalle ko ya koɗe a bar shi. Muna roƙon iyali kada su rarraba su wajen rabon gado, a bar su hannun mutum ɗaya.

Tambaya: Wani dillali yana zagaya ƙauyukanmu, ya taya sulken gidanmu. In sayar? (Mai karatu daga Kazaure)

Amsa: Malam, dakata tukuna. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan hannun da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su ga wanda hukumar ba ta amince masa ba, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Ajiye gadonka a gidanka ba laifi ba ne. Kai hotonsa Gidan Makama a Kano, ma'aikatan hukumar su duba.

Kai ma za ka iya gwadawa. A tsohon sulke na ƙwarai, an daddale bakin zobe an haɗe shi da ƙaramar ƙusa, kowane zobe kuma yana sarƙe da huɗu. Wanda aka yi don hawan salla kawai, lanƙwasa waya ake yi baki ya taɓa baki. Sulke ya daɗe a ƙasar nan: tarihin Kano ya danganta shigowarsa, tare da lifidi da kwalkwali, ga Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. Kada ka rataye shi a ƙusa ɗaya, nauyinsa zai ɓalle zobban kafaɗa. Shimfiɗa shi kan tsumma a cikin akwati.

Tambaya: Mun rushe tsohon ɗaki muka tarar da kwari cike da kibau, da bindigar toka. Yara suna ta wasa da su. (Mai karatu daga Sumaila)

Amsa: Karɓe su daga hannun yara yau ɗin nan. Baƙin danƙon da ke bayan tsinin kibiya dafi ne, galibi na kwankwani, mai tsayar da zuciya, kuma yana iya shekaru masu yawa bai mutu ba. Kada a gwada tsini da yatsa, kada a wanke a inda dabbobi ke sha. A mayar da su cikin kwari, a ɗaure bakinsa, a kulle.

Bindigar kuwa ka ɗauka a ɗure take, domin haka mafarauta kan jingine ta, kuma albarushi busasshe ba ya tsufa. Kada a ja kunamarta, kada a leƙa bakinta, kada a kai ta kusa da wuta. Doka na iya neman lasisi ko ga bindigar toka, saboda haka ka sanar da dagaci ku je wurin 'yan sanda tare. In kuma harsashi ko gurneti aka tono a gona, a bar shi inda yake, a kewaye wurin da ƙaya daga nesa, a kira su su zo da masu kwance bam.