Ƙwaro, faci da gangar Auzinawa: amsa ga masu wasan bidiyo

Wani matashi mai kula da ɗakin wasan bidiyo a Garwa ta Kamaru ya rubuto: "Malam, barka da aiki. Duk lokacin da mizajur, wato sabuntawa, ta zo wa wasannin nan da mutum ke zama jarumi, a aike shi, ya tara kaya ya ƙara ƙarfi, sai mu ga an rubuta da Faransanci cewa an gyara 'bog', an kuma inganta tafiyar wasan. Yara suna tambayata ma'anarsa da Hausa. An ce mini bog ƙwaro ne. In ce musu an kashe ƙwari?"

Ɗana, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. A Ingilishi kalmar tana nufin ƙwaro, kuma injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar na'ura da ita. Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙa tun 1878. A 1947 kuma, masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tsinci ƙwaro na gaske, irin mai zuwa fitila da dare, ya maƙale cikin na'urar, suka manna shi a littafin aikinsu. Amma ban yarda ka ce an kashe ƙwari ba. Bahaushe in ya ji ƙwaro ya shiga abu, hankalinsa na zuwa ga gara da ƙwaron wake, wato ɓarnar da ta zo daga waje. Wanda ya ji haka zai ɗauka cutar kwamfuta ce ta kama wayarsa, har ya je ya biya a wanke masa ita. Alhali bog a gida aka haife shi, daga hannun waɗanda suka rubuta wasan.

Kalmomi biyu nake ba ka, kowace da gurbinta. Kuskure shi ne abin da marubucin manhaja ya yi. Tangarɗa ita ce abin da mai wasa ya gani. Ga misali daga irin wasannin da ka ambata. Sarkin wani gari a cikin wasan ya aike ka ka kawo takobi. Wasan yana riƙe da wata alama mai cewa "an karɓi aike", da wata mai cewa "an samo takobi". Idan marubucin bai yi tunanin wani zai tsinci takobin tun kafin a aike shi ba, alama ta biyu ba za ta tashi ba. Sai ka tsaya gaban sarki da takobi a hannu, yana ta maimaita maka ka je ka nemo. Rashin tunanin nan kuskure ne, tsayuwarka gaban sarki tangarɗa ce. Saboda haka ka ce wa yaran: an gyara kurakurai, an kau da tangarɗa.

Tangarɗar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma Hausa tana da bakin rarrabe su. In hoto ya tsaya cak, maɓalli ba ya amsawa, wasan ya daskare. In ya rufe kansa ya mayar da kai fuskar waya, ya ɗauke, kamar yadda wuta ke ɗaukewa. In jarumi ya shige bango ya kasa fita, ya maƙale.

Mizajur kuwa sabuntawa ce, wannan ba gardama. Ƙaramar da ake fitarwa don toshe matsala ɗaya ko biyu ita ce faci, kalmar da mai facin taya a bakin kasuwa ya riga kowa sani. Daga "patch" ta Ingilishi muka aro ta, muka mayar da harafin farko "f" tunda haka bakinmu yake yi, muka ƙara wasali a ƙarshe. Dacewar ta wuce ta sauti: a zamanin da ake rubuta umarnin kwamfuta da huji a jikin doguwar takarda, in an yi huji a inda bai dace ba, liƙe shi ake yi da ɗan ƙyallen takarda. Faci ne na zahiri. In an taɓa ado kawai, launin riga ko fasalin rubutu, kwaskwarima ce. In an sake tsarin faɗa da na ƙarin ƙarfi tun daga tushe, garambawul ne.

Tambaya ta biyu daga wata ɗaliba ce a Marwa: "Malam, wasana yakan fara lafiya, bayan awa ɗaya sai ya riƙa ja. Ƙanena ya ce rezo ne, wato sabis ɗin intanet. An rubuta a sabuntawa cewa an toshe yoyon ma'adana. Me ke yoyo a waya?"

'Yata, a nan sai an yi hattara, don abubuwa uku ne ake tarawa a kira su "ja". Motsin da kike gani hotuna ne ke bin juna. Wasan da ke nuna hoto 30 a daƙiƙa yana da kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, wato kimanin milidaƙiƙa 33 (milidaƙiƙa dubu ne a daƙiƙa ɗaya), ya lissafa komai ya zana hoto guda. Mai nuna 60 bai kai milidaƙiƙa 17 ba. In wani hoto ya wuce lokacinsa, ido yakan ga tsalle, kamar mai i'ina da kalma ta sarƙe masa. Wannan na kira shi i'inar hoto, kuma daga na'ura yake. Na biyu shi ne ki danna yanzu, jarumi ya sari abokin gaba bayan ɗan lokaci, hoto kuwa yana tafiya sumul. Wannan jinkiri ne, shi ne na rezo, kuma a wasan da ake yi ta intanet ake ganinsa. Na uku nawa ce, wato komai ya yi sanyin jiki, buɗe taswira ma sai an jira. Gwajin mai sauƙi ne: in wasan yana yiwuwa ba intanet, ki kashe data ki gani. In matsalar tana nan, ƙanenki bai canka ba.

Batun yoyo kuwa, fassarar tana ruɗarwa, domin tulun da ke yoyo raguwa yake yi, ma'adanar wucin gadi ta waya kuwa cika take yi. Abin da ke faruwa ya fi kama da aro ba mayarwa. Duk garin da kika shiga a wasan, sai ya ari wuri a ma'adana ya jibge hotunan gidaje da mutane da sautinsu. In kin fita ya kamata ya mayar da wurin. In an yi kuskure bai mayar ba, gari bayan gari wurin yana ƙarewa, nawa ta shigo, daga ƙarshe wasan ya ɗauke. Abin da ke zurarewa shi ne sararin da ya rage. Alamarsa ita ce in kin rufe wasan gaba ɗaya kin sake buɗewa, sai ya dawo garau nan take. In kuwa bai dawo ba sai wayar ta huce, to zafi ne: waya takan rage gudun injinta da kanta don kada ta lalace. A bazarar Marwa, watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wannan ba faci ke maganinsa ba. Ki cire mata riga, kada ki yi wasa tana caji, ki rage kyan hoto daga saiti.

Wani dattijo mai gyaran waya a Injamena ya tambaya: "Wane karin magana ya dace da facin da ya gyara abu ɗaya ya ɓata wani? Ni na ce garin neman gira an rasa ido, abokin aikina ya ce gyaran gangar Auzinawa."

Ranka ya daɗe, ku biyun kun kusa, amma ba wuri ɗaya kuka tsaya ba. "Garin" a karin maganarka ba gari na mazauna ba ne, ma'anarsa "a wajen ƙoƙarin", kamar a ce garin gudu ya faɗi. Nauyin maganar yana kan bambancin daraja: gira ƙarama ce, ido babba, an bi ƙarami an yi asarar babba. Gyaran gangar Auzinawa, wato mutanen Abzin, ba ruwansa da wannan awon. Yana nufin gyaran da ya bar abu a halin da ya fi na da muni.

A ƙarshen Nuwamba 2011 aka yi wa wasan Skyrim faci mai lamba 1.2, sai dodanni masu fuka-fuki suka koma tashi da baya-baya, kariyar jarumi daga sihiri ta daina aiki, sai da faci na 1.3 ya zo. A Janairu 2021 facin 1.1 na wasan Cyberpunk 2077 ya sa wata hira ta waya da labarin ke jira ta tsaya cak, masu wasa suka kasa ci gaba, har aka fitar da 1.11. Waɗannan na abokin aikinka ne. Dalilinsu kuwa shi ne sassa da yawa na wasa suna cin abinci a kwano ɗaya: layin umarni guda yana iya yi wa abubuwa goma aiki, a gyara shi saboda ɗaya, a manta a gwada sauran. Naka karin maganar ya fi dacewa da yaron da ya goge wasa ya sake saukewa don ya rabu da 'yar i'inar hoto, ajiyarsa ta wata uku, wato duk nisan da ya yi a wasan, ta tafi.

Tunda yara suna kawo maka wayoyi, ka riƙa tuna musu cewa faci ba ya dawo da iskar da ta riga ta fita daga taya. A Disamba 2020, ajiyar Cyberpunk 2077 a kwamfuta takan lalace in ta wuce megabait 8. Facin 1.06 ya cire wannan iyaka, amma ajiyar da ta riga ta lalace ba ta farfaɗo ba. Don haka kafin sabuntawa a kwafe ajiya zuwa wani wuri in wasan ya ba da dama, a bar sarari fiye da girman abin da za a sauke tunda sai an kwance ƙunshin kafin a dasa, a cika batir, kuma kada a katse aikin a tsakiya.