Yankin bunƙasa kasuwanci: yadda yake aiki da abin da mai shago zai ƙaru da shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon yadi da atamfa a Agege, a Legas. A taron layinmu wani ya kawo shawarar mu kafa irin tsarin nan na ƙasashen waje da ake kira BID, wato yankin bunƙasa kasuwanci, wai kowane shago ya riƙa biyan wani ƙarin kuɗi don gyaran layi. To mu dama muna biyan kuɗin shara, kuɗin maigadi, kuɗin ƙungiya, ga tikitin ƙaramar hukuma. Yaya tsarin yake aiki, kuma me mai shago zai samu? Ko dai wani harajin ne aka sauya wa suna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kuɗin dole ne, a nan kam ya yi kama da haraji. Inda suka rabu shi ne masu biya su ke jefa ƙuri'a kafin a ɗora shi, su ke yanke abin da za a yi da shi, ba a kashe shi a wajen iyakar da aka shata, kuma yana da wa'adi.

An fara shi a 1970 a unguwar Bloor West da ke Toronto, a Kanada. Manyan kantunan bayan gari sun janye masu saye, sabon jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ya rage masu wucewa ta gaban shaguna. 'Yan kasuwar suna da ƙungiya, amma ciwonta irin wanda ka sani ne: wasu su biya, wasu su noƙe, fitilar da aka sa kuma ta haska ƙofar kowa. Sai suka nemi hukuma ta mayar da kuɗin tilas a kan kowane shago na yankin. Maganin masu cin bulus shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiro tsarin dominsa.

Tsarin Ingila ya fi saukin bayani. Dokar ƙananan hukumomi ta 2003 ce ta ba da dama, na farko kuma ya fara aiki a Kingston, a kudu maso yammacin Landan, a 2005. Ana zana taswirar yankin titi-titi, a rubuta ayyukan da za a yi da kuɗinsu, a faɗi nawa kowa zai biya. Yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne na ƙimar hayar shekara da hukuma ta yi wa wurin, kuma yankuna da yawa suna yafe wa ƙananan shaguna da ƙimarsu ba ta kai wani adadi ba. Daga nan sai ƙuri'a, wadda dole ta tsallake shinge biyu: rinjayen waɗanda suka jefa, da rinjayen ƙimar wurarensu. Mu ɗauka mutum 100 sun jefa. Ƙananan shaguna 60 sun yarda, manyan kantuna 40 sun ƙi, kuma su ke da kashi 70 na ƙimar. Tsarin ya faɗi. Haka nan idan manyan suka yarda ƙananan suka ƙi. An yi hakan ne don kada masu yawa su danne masu biyan kaso mai tsoka, kada kuma masu kuɗi su danne masu yawa. Idan ya wuce, har wanda ya ƙi sai ya biya. Ƙaramar hukuma ke karɓa, ta ajiye a asusu na daban, ta miƙa wa kamfanin yankin, wanda galibi ba na neman riba ba ne kuma masu biyan ne a kwamitinsa. Wa'adi ba ya wuce shekara biyar. In ana son ci gaba sai an sake ƙuri'a. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi nisa: lardin Gauteng, inda Johannesburg take, ya yi dokarsa a 1997, na tsakiyar birnin Cape Town kuma yana aiki tun 2000, da ƙarfinsa a kan tsaro da shara.

Akwai takarda guda da mutane ke raina ta, alhali ita ce ke tsare kuɗinku. Kafin a karɓi ko sisi, ana rubuta abin da hukuma take yi a yankin yanzu: sau nawa ake kwashe shara a mako, fitilu nawa ke ci, wa ke yashe kwata. Kuɗin yankin ƙari ne a kan wannan, ba madadinsa ba. Idan ba a rubuta ba, hukuma na ganin kun ɗauki masu shara sai ta janye nata a hankali, ku wayi gari kuna biya sau biyu kan aiki ɗaya. A wurinku wannan na nufin ku san ranakun da motar PSP, wato kamfanin kwashe shara da ke aiki ƙarƙashin LAWMA, hukumar shara ta Legas, ya kamata ta zo, ku rubuta, ku riƙe rasit.

Me mai shago zai samu? Na farko, arha ta sayen gayya. Shago 200 in kowa ya ba da naira 5,000 a wata, an tara miliyan ɗaya a wata, miliyan 12 a shekara. Da wannan za ku yi ciniki da kamfanin tsaro ko na shara a farashin da shago ɗaya ba zai samu ba. Na biyu, ƙafa, wato yawan masu shigowa layin. Mai saye, musamman mace da ta zo haɗa lefe, ba ta daɗewa a layin da ruwan kwata ya malale ko wanda duhu ke rufewa da magariba. Layi mai haske yana iya ƙara awa ɗaya ko biyu na ciniki. Na uku ya fi shafar Legas: a 2023 gwamnatin jihar ta rufe kasuwanni irin su Ladipo da Mile 12 na wasu kwanaki saboda ƙazanta. Ka lissafa cinikin kwana uku da ƙofa a garƙame, ka gwada da kuɗin wata. Sai baki ɗaya a gaban hukuma, wanda ya fi kowa ya tafi sakatariya shi kaɗai.

Sai dai ƙarfin tilastawa daga doka yake fitowa. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, tana iya ɗaure mambobinta da tsarin mulkinta, amma ba ta da ikon ɗora wa wanda ba mamba ba kuɗi, balle ta sa wa shagonsa kwaɗo. Don haka abin da za ku iya yi shi ne ku ɗauko ladubban tsarin, ku nemo ƙarfin ta wata hanya: yarjejeniya da kowane mai shago ya sa wa hannu, da kuma shawo kan masu gine-gine su sa kuɗin cikin takardar haya, ta yadda sabon ɗan haya zai tarar da shi. Ku shigo da Babaloja ko Iyaloja, wato shugaban kasuwar namiji ko mace, da fadar Sarkin Hausawa, da ƙaramar hukuma tun farko, kada a ɗauka kishiyar shugabanci kuke kafawa. Maƙwabtanku Yarbawa da Ibo su zauna a kwamitin. Layi ɗaya, kwata ɗaya.

Ku fara da ƙaramin yanki, layi biyu ko uku da kowa ya san kowa. Kada ku yi kuɗin bai ɗaya: mai hayar naira 300,000 da mai hayar miliyan uku ba za su biya daidai ba, ku kasa shaguna gida uku. Ku zaɓi aiki biyu kawai a shekarar farko. Kuɗi ya shiga asusun banki ta tiransifa, masu sa hannu uku, a manna lissafin wata inda kowa zai gani. Wa'adi shekara biyu ya isa a farko. Kuma ku haɗe kuɗin maigadi da na sharar layi cikin wannan, kada ya zama na biyar a kan huɗun da ka lissafa. In ba haka ba, shawarata kada ka yarda.

A wajen aiki ake yawan tafka asara. Ɗauki yasar kwata: a yi ta kafin damina ta kankama, wajen Maris, kuma a rubuta a kwangila cewa kwashe taɓon da mota yana cikin kuɗin. Leburori sukan tara shi a bakin kwata su karɓi kuɗi su tafi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Fitilar sola kuma batirinta ke fara mutuwa bayan 'yan shekaru, saboda haka a riƙa ware wani kaso kowane wata don canji, in ba haka ba sanduna ne za su rage a tsaye.

Tsarin yana da illolinsa, ko a inda aka yi masa doka. Albashin ofis da alawus na zama suna iya cinye kuɗin aiki, shi ya sa ake sa musu iyaka a rubuce. Shagunan gefen iyaka sukan biya ba su ga komai ba, domin duk aikin ya taru a babban titi. In layi ya gyaru mai gini yakan ƙara haya, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ku nemi masu gine-gine su ɗauki wani kaso, kai kuma ka sabunta hayarka ta shekara biyu kafin aiki ya fara nunawa. Wadda aka fi sukar tsarin a kanta ita ce korar masu tebur da masu talla da sunan tsabta. A kasuwanninmu waɗannan, da 'yan dako da mai shayi, su ke jawo jama'a, da yawansu ma a shagunanku suke sari. Ku shata musu wurin da ba zai tare hanya ba, su biya ɗan abin da za su iya, a ba su kujera ɗaya a kwamitin.