Tambayi Likita: Sai Maigida Ya Sa Hannu?

Tambaya: Likita, daga Azare nake. Ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda, aka ce sai an mata aiki amma dangin miji suka ce a jira ya dawo daga tafiya ya sa hannu. Wai haka dokar take?

Amsa: A'a 'yar'uwa, kuma wannan abu ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mace baliga mai hankalinta ita ke da haƙƙin sa hannu, shawara da maigida abu ne mai kyau, to ai akwai waya! Naƙuda in ta yi tsawo kan jariri na danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan sai yoyon fitsari, irin matan da ake kaiwa asibitin Ningi kenan, wani lokacin ma a rasa jaririn.