Tambayi Kafinta: Injin da za ka fara saya, da wanda zai ci maka yatsa

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan karon. Ta uku ita ce ta hana ni barci, don haka a yi mini uzuri idan na daɗe a kanta.

Tambaya: Malam, bana na yi ritaya daga koyarwa. Ina so in mayar da garejin gidana wurin taɓa aikin katako, irin su benci da kantar littattafai. Wani ya ce in sayi babban injin yanka mai tebur. Da me zan fara? Daga wani tsohon malamin firamare, Funtuwa.

Amsa: Allah ya sa albarka a hutun, Malam. Wanda ya ba ka wannan shawara, ko dai yana da injin da yake neman kai da shi, ko bai taɓa ganin yadda mai tebur yake wurgo katako cikin mutum ba. Bar shi tukuna. Injuna uku sun ishe ka shekara guda. Na farko injin huda mai batir, mai ƙarfin bolt 18, wanda zai huda maka katako ya kuma ɗaura sukuru. Ka nemi mai batir biyu, domin ka san halin wutarmu. Na biyu zarton lantarki na hannu, mai faifan da faɗinsa milimita 185, ƙarfinsa kamar wat 1,400. Na uku injin samfefa, na goge katako ya yi sumul. Canjin da ya rage ka sayi ƙarafan matse katako guda huɗu. Mutane na raina su, amma su ne hannunka na uku da na huɗu.

Faifan da yake zuwa da zarton yawanci mai haƙora 24 ne, na tsaga falanki a tsaye. Idan ka sa shi a filawud zai yayyaga maka baki kamar ɓera ya ci. Sayi wani mai haƙora 40 zuwa 60 ka ajiye don wannan.

Maganar suna kuma, Bosch da Makita da DeWalt sun yi fice, shi ya sa ma aka fi yin jabunsu. Ni da in sayi jabun babban suna, gara in sayi Ingco ko Total na gaskiya. Idan ka shiga kasuwa, ka sa a kunna maka injin a gabanka. Saurari ƙararsa, ka leƙa ta ramukan iska: tartsatsi kaɗan ba komai, amma idan ya yi yawa, ajiye musu kayansu. Ka kuma tambaya ko ana samun gawayin motarsa a gari, wanda masu gyara ke kira kabon. Araha ba ta ado.

Tambaya: Yayana ya aiko mini da zarton lantarki daga Amurka. Ina sa shi a soket ya yi wata irin ƙara, sai ƙauri da hayaƙi. Lalatacce ya aiko mini? Daga wani matashi, Kaduna.

Amsa: Yayanka ba shi da laifi, ƙanena. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ka ɗura masa ninki biyu na abin da cikinsa zai ɗauka, waya ta ƙone. Kai shi wurin masu naɗin wayar inji ko za a dace. Nan gaba duk injin gwanjo, karanta ɗan allon da ke jikinsa kafin ka nufi soket. Idan 120 aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Kuma kada ka ce za ka tashe shi da ƙaramin janareton nan na kallon ƙwallo, wanda bai kai wat 1,000 ba. Zarto yana jan ninki biyu ko uku na ƙarfinsa a lokacin tashi.

Tambaya: Ina da giranda ta yankan ƙarfe. Na ga wasu suna ɗaura mata faifan zarto mai haƙora suna yanka katako. Tunda kuɗin zarton lantarki ya fi ƙarfina, in yi haka? Daga wani mai walda, Gusau.

Amsa: Kada ka yi. Ko aro aka zo yi wurinka don a yi hakan, ka hana.

Na san dalilin da ya sa ake yi, ni ma na taɓa zama yaron shago da aljihu babu komai. Amma dubi yadda aka ƙera su biyun. Zarton lantarki yana juyawa kamar sau 5,000 a minti guda. Yana da faranti a ƙasa da yake zama daram a kan katako, yana da murfi mai sifirin da yake komawa ya rufe haƙora da zarar ka ɗaga shi, kuma kana sakin kunamar wuta ta yanke. Ƙaramar giranda tana juyawa kusan sau 11,000. Ba ta da faranti, murfinta rabin faifai kawai yake rufewa, kuma da yawansu makunninsu na turawa ne, yana maƙalewa a kunne. Dutsen yankan ƙarfe cin ƙarfe yake yi a hankali, yana gogewa. Haƙorin zarto kuwa cafka yake yi. Ranar da ya cafki ƙulli a cikin katako ko wata tsohuwar ƙusa, injin zai yi tsalle ya dawo kanka kafin ka ƙifta ido, kuma ko ya suɓuce daga hannunka bai daina juyawa ba.

Shekarun baya akwai wani yaro a shagon da ke maƙwabtaka da nawa, mai hankali, mai zafin nama. Ya taka falanki da ƙafa yana yankawa da irin wannan haɗin, injin ya ƙwace ya hau cinyarsa. Rawanin wani dattijo muka ɗaure masa kafin a samu mota. Ya rayu, amma har yau yana ɗingishi. A wurin kowa cewa yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ni dai na yi shiru, domin sau biyu ina ganin faifan nan a jikin girandar ina wucewa ban ce uffan ba. Abin yana cina har yanzu.

Idan kuɗi bai kai ba, zarton hannu mai kaifi zai yanka maka duk abin da mai walda yake buƙata. In kuma Allah ya hore ka sayi na lantarkin, shi ma yana harbi idan aka matse masa faifai. Abin da yake jawo hakan shi ne a ɗora katako a kan benci biyu a yanka tsakiya: yana lotsawa, tsagar ta rufe, ta kama faifan. Ka matse katakon ta gefe guda, ka bar guntun da za ka cire ya faɗi da kansa. Saita zurfin faifan yadda tsawon haƙori ɗaya kawai zai leƙo ta ƙasa. Tsaya a gefen layin yanka, hannu biyu a kan injin. Masu ɗaure murfin da waya wai yana rage musu sauri, ban san saurin zuwa ina suke yi ba.

Tambaya: Maigidana yana aikin katako a zaure bayan ya taso daga ofis. Kwana biyu yana fama da tari da atishawa, ga yara suna shiga suna fita. Ya ce ƙura ce kawai. Daga wata uwargida, Maraɗi.

Amsa: Hajiya, gaskiyarki. Ƙura ce, amma ƙurar katako ba irin ta hunturu ba ce. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanci ga masu daɗewa suna shaƙa, kuma garin iroko sananne ne wajen tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Allon MDF, wanda ake yi da niƙaƙƙen katako a matse shi, ya fi su laushin gari, ga gam a cikinsa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare lallausar ƙura yadda ya kamata. Ya nemi takunkumi mai alamar FFP2 ko N95, ya fitar da aikin samfefa tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ya yayyafa ruwa kafin shara. Tarin kuma idan ya haura mako biyu, a ga likita.

Tunda kin ba ni dama, ki isar masa da sauran. Ya sa tabarau na kariya da abin toshe kunne. Ya cire babbar riga da kaftani mai faɗin hannu kafin ya kunna inji, kada kuma ya sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa, tana kamawa ta ja yatsun ciki.

Na yaran ne ya fi damuna. A ɗauke wuta mutum yana tsakiyar aiki, ya ajiye inji a kunne ya tafi masallaci, a dawo da ita babu kowa a zauren sai ɗan shekara huɗu. Ki ce masa duk lokacin da wuta ta tafi, ko zai canza faifai, ko zai fita ko da shan ruwa ne, ya zare filogi daga soket. A sa wa ƙofar zauren kwaɗo, makulli ɗaya a aljihunsa, ɗaya a wurinki.