Na tsinci sunan kakanmu a bishiyar nasaba ta intanet, in gaskata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato. Ina bincike a wani shafin nasaba na intanet sai na ci karo da bishiyar zuri'a mai ɗauke da sunan kakan mahaifina, Aliyu ɗan Bello, an haɗa shi kai tsaye da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na duba wasu bishiyoyin har biyar, duk haka suka nuna. Amma tsofaffinmu abin da suka sani kawai shi ne daga wajen Wurno muka taso. Za mu yi taron zumunci bayan Salla, ina son in buga in raba. Ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun kafin ka kai wa mai buga takarda. Kada ka raba tukuna.

Ka fara sanin yadda waɗannan shafuka ke aiki. A Ancestry da MyHeritage kowa na iya buɗe tasa bishiya ya rubuta abin da ya ga dama, ba wanda zai ce masa kawo hujja. A FamilySearch da Geni da WikiTree kuwa bishiya ce ta gamayya, wanda ya yi rajista na iya ƙara suna ko ya haɗa mutum biyu su zama ɗaya. Kwamfutar shafin kuma tana yi wa mutane tayi: in ta ga sunan da ka shigar ya yi kama da na wata bishiya, sai ta nuna maka, da latsawa ɗaya ka kwaso kakanni goma. To nan ne biyar ɗin naka suka rasa nauyi. Mai yiwuwa mutum ɗaya ne ya yi hasashe, sauran huɗu suka kwafa. Kai da ka tashi a garin da ake karanta hadisi da isnadi ka san ruwaya biyar da duk suka koma ga mutum guda ba su zama shaidu biyar ba. Ka buɗe kowace bishiya ka duba gurbin madogara. In ka ga abin da aka jingina da shi wata bishiyar ce, ka ɗauka ba a kawo komai ba.

Sai matsalar da ta fi shafar mu. An ƙera shafukan ne bisa tsarin Turawa, inda sunan gida ke bin zuri'a ɗaruruwan shekaru, ga rajistar coci da ta ƙidaya. Mu kuwa mutum sunan ubansa yake ɗauka, ɗansa ya ɗauki nasa, wani ma sunan gari ne ya bi shi daga makaranta, kamar Shehu Shagari. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a duk faɗin Nijeriya sai a ƙarshen ƙarni na ashirin aka yi ta. Kuma sunayenmu na yanka ba su da yawa. Aliyu ɗan Bello nawa aka yi tsakanin Wurno da Raba da Gwadabawa a shekara ɗari biyu, a ƙasar da ake yi wa yaro suna Bello don neman albarka?

Dubi gidan sarautar ma, wanda ya fi kowane gida samun marubuta. Muhammadu Bello yana da 'ya'ya biyu masu suna Aliyu, kuma dukansu sun yi sarauta: Aliyu Babba daga 1842 zuwa 1859, Aliyu Ƙarami daga 1866 zuwa 1867. Akwai Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wanda ya gaji Bello a 1837, akwai Abubakar Atiku na Raba ɗan Bello wanda ya hau a 1873, shi ne kakan Sardauna. Akwai Attahiru na ɗaya da ya yi shahada a Burmi a 1903, akwai Attahiru na biyu ɗan Aliyu Babba da ya hau a shekarar ta 1903. Wanda ke zaune a wata ƙasa yana haɗa sunaye a kwamfuta, cikin sauƙi zai mayar da baffa da ɗan ɗan'uwansa mutum ɗaya. In haka na iya faruwa ga sarakuna, ina ga malami ko manomi da ba a rubuta ranar haihuwarsa ba?

Akwai gwajin da za ka yi yau da biro da takarda. An haifi Bello wajen 1781, ya rasu a Wurno a 1837, don haka duk ɗan cikinsa bai wuce 1838 a haihuwa ba. Yanzu tambayi gida: yaushe kakan mahaifinka ya rasu, wa ya gan shi? In akwai tsohuwar da ta ce ta san shi da furfura a zamanin Sarki Abubakar na uku, wanda ya hau a 1938, lissafi ya ƙi, sai dai in ya haura shekara ɗari. Tsakanin uba da ɗa yawanci shekara 25 zuwa 40 ne. A ƙasarmu tazarar kan yi tsawo saboda dattawa na haihuwa da girma: daga Shehu, da aka haifa a 1754, zuwa Sardauna, da aka haifa wajen 1910, hawa huɗu ne kacal. Amma tsawo yana da iyaka. Ka kuma lura da shekarun hijira da ake zubawa a gurbin miladiyya. Shehu ya rasu a 1232 bayan hijira, wato 1817, kuma wanda bai kula ba sai ya tura shi can ƙarni na goma sha uku.

Lissafin da ya ƙi bai nuna cewa babu alaƙa sam ba. A bakinmu ana ce wa jika ɗa, sunayen tsakiya su faɗi a hanya. Akwai riƙo, inda yaro ke tasowa hannun baffa ko malaminsa har a rubuta shi da sunan mariƙin. Akwai alkunya, da ke sa a binne sunan yanka ƙarƙashin laƙabi. Akwai gidajen da suka jingina da babban gida ta almajirci ko hidima ko aure, bayan zamani aka ɗauka jini ne. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin waɗannan, amma bishiyar intanet ba ta da gurbin bambance su. Abin da ke sa ni tsanantawa a nan shi ne nasaba a wurinmu tana taɓa gado da aure da muharramaka, kuma Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira mutane da sunan iyayensu. Hadisi ingantacce ma ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane.

Ka fara daga kanka ka yi sama, kada ka fara daga Bello ka gangaro. Je ka ga tsofaffi, musamman gwaggonni da kakanni mata, domin su ne ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada a taro, don kada ƙarami ya bi bakin babba. Ka naɗi murya a waya, ka rubuta wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Ka nemi a buɗe maka gafakar littattafan gidan: sau da yawa a bangon tsohon Alƙur'ani ko ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu za ka ga an rubuta wane ɗan wane ɗan wane da Larabci ko ajami. Takardun rabon gado da na gona ma suna taimakawa. Daga nan ka je Wurno, domin gidajen da suka fito daga Bello sun san rassansu. Ga kuma ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, da ma'ajiyar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, sai dai rahotannin Turawan mulki sun fi kula da gidajen hakimai. Gwajin ƙwayar halitta na iya nuna maka dangi na kusa, amma ba ya faɗin sunan kaka.

Game da taron, buga abin da kuka tabbatar, ko hawa huɗu ne, ka bar saman a buɗe. Maganar Bello ka faɗe ta da baki a matsayin abin da ka gani a intanet kake bincike a kai, ka roƙi duk mai tsohuwar takarda ya zo da ita.